Kofi Mai Jan Zare

Ishraga na dakan gahawa a tsakar gidansu da ke Omdurman, sai ta hango mahaifiyarta Awadiya tana ɗaura jan zare a hannun wani kofi.

"Yumma, wannan fa?"

"Na saurayinki ne! Kada wani ya yi kuskure ya sha da shi."

Ishraga ta saki taɓarya, hawaye suka cika mata ido. Da HIV aka haifi saurayin nata Hatim, kuma bai taɓa ɓoye mata ba. Kafin a kawo kayan aure ma shi ya zo da ƙafarsa ya gaya wa iyayenta. Aikinsa ke nan dama, bin kasuwanni yana lallashin mutane su yi gwaji. To ga tukuicin gaskiyarsa, an ware masa kofi kamar kwanon kare.

Da yamma ya zo gaisuwa, aka miƙo masa gahawa a kofin. Ya dubi zaren, ya gane sarai, amma ya yi murmushi.

"Kai, Yumma! Ni kaɗai aka yi wa kofi mai kwalliya? Na gode."

Ya shanye tas. Ni dai ban taɓa ganin namiji mai haɗiye ɓacin rai kamarsa ba.

Yana fita Awadiya ta fashe. "A fasa auren nan! Ranar jirtik, al'adarmu ta biki, ango da amarya za su guntsi madara su fesa wa juna a fuska. In zauna ina kallo ya fesa wa 'yata cuta? Ba da ni ba!"

"Yumma, wallahi ba a ɗauka ta yawu..."

"Rufe min baki! So ya toshe miki kunne."

Ishraga ta yi kuka har ta gode wa Allah, amma ba ta ɗaga wa uwarta murya ba. Duk abin nan Haboba Sittana, kakarta, na kan gadon igiya tana jan carbi kamar ba ta ji.

Washegari Haboba ta aika aka kira Hatim. "Kai dogo, kai ni wurin aikin nan naku."

Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya ta shiga layi, ta miƙa yatsa aka ɗibi jini. "Ku gwada ni! Wa ya san abin da marigayi ya bar min?" Ma'aikata suka kwashe da dariya. Sannan ta tsare likita da tambayoyi har sai da ya yi gumi. Ya ce mata kofi ba ya ɗauka, yawu ba ya ɗauka. Ya ce wanda ke shan maganinsa kullum har aka daina ganin ƙwayar a jininsa, kamar Hatim, ba ya sa wa matarsa.

Ta dawo ta yi wa 'yarta bayani, Awadiya ta toshe kunne. Haboba ta ce, "To, a ɗakina za a yi jirtik. Mai zuwa ya zo."

Ranar biki aka zaunar da ango da amarya a gado mai jan shimfiɗa, turare na tashi. Awadiya ta tsaya can bakin ƙofa, fuska a murtuke. Da aka zo kan madara, sai guɗa ta ɗauke, mata suka fara kallon juna.

Haboba ta zaro kofi mai jan zaren nan daga cikin mayafinta, ta cika shi, ta ba Hatim ya kurɓa. Ta karɓa, ta ɗora bakinta daidai inda ya ɗora nasa, ta sha.

"Awadiya, ni na haife ki. Kin taɓa ganin na ba ki abin da zai kashe ki?"

Awadiya ta tako a hankali, ta karɓi kofin. Ta sha, ta fashe da kuka. Ta kwance zaren ta jefar. "Ka yafe min, ɗana."

Kafin Hatim ya amsa, Ishraga ta guntsi madara ta fesa masa a fuska. Mata suka ɓarke da guɗa. "Ta riga shi! Ita za ta mulki gidan!"

Yanzu 'yarsu ta fara tafiya, an gwada ta lafiyarta ƙalau. Haƙuri da gaskiya ne suka ba Hatim mata, tambaya kuma ta cire wa gidan tsoro. Ku je ku yi gwaji, ku tambayi masu sani kafin ku ware wa ɗan'adam kofi. Wancan kofin dai yana wurin Awadiya, da shi take shan shayinta kowace safiya.