Dutsen Tokare Ƙofa

Dutsen farko ya faɗo ne bayan an idar da sallar magariba, lokacin da hasken tsakar gida ya koma toka-toka, unguwa ta yi irin shirun nan da ba na barci ba. Bai yi wata ƙara ba. Kwanon rufi ya ce ƙwas, dutsen ya gangaro a hankali kamar mai neman wurin sauka, ya faɗi daidai bakin ƙofar ɗan ɗakin da matar gidan take aiki.

Ita kuwa tana ciki, abin kunne a kanta, kwamfuta a gabanta, tana lallashin wani mutum da aka kai wa takalmi ƙafa ɗaya babba ƙafa ɗaya ƙarami. Ta ji faɗuwar dutsen sarai, amma ta ce a ranta yaran maƙwabta ne, ta ci gaba da ba da haƙuri cikin muryarta mai sanyi.

Mai Waya ake kiranta a layin, rabi wasa rabi habaici. Ta daɗe zaune a gida tana reno, takardun karatunta suna ƙasan akwati sai ƙamshin kafur suke yi, kafin Allah ya kawo mata aikin amsa kiran masu sayayya na wani kamfani mai sayar da kaya ta intanet. Daga gida ake yin sa, kuma mutum shi yake zaɓar lokacinsa. Sharaɗi ɗaya suka kafa mata, kada mai kira ya ji hayaniyar gida. Ba kukan yaro, ba ƙarar tukunya, ba faɗan 'yan'uwa.

Don haka ta buɗe ɗakin tarkacen da ba wanda ya shiga tun da suka tare a gidan. Ta kwashe tsohuwar katifa da karyayyen kabad da su keken yara marasa taya, ta jibge a lungun bayan gida, ta share, ta wanke, ta sa tebur. Ta zaɓi aikin yamma saboda a lokacin babbar 'yarta ta dawo daga makaranta. Yarinyar nan Aku suke ce mata don surutu, in ta fara labari sai an haɗa ta da Allah. Ita take karɓar jaririn gidan, Auta, shi kuwa Auta ya mayar da magariba lokacin kukansa, kamar an ɗauke shi aiki. Da ya buɗe baki sai uwar ta leƙo, ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna bayan gida da haɓa. Aku ta saɓa shi ta tafi lungu, ta zauna a kan tsohuwar katifar nan tana jijjiga shi har duhu ya rufe su. Uwar ta san ba wurin zaman yara ba ne da almuru. Ta sani, ta kawar da kai.

Washegarin faɗuwar dutsen farko, duwatsu suka ƙaru. Maigidan, wanda makanike ne, ya zagaya da fitila yana zagin yaran da bai gani ba, ya dawo jikinsa a sanyaye, don ya lura duwatsun ba daga waje suke zuwa ba. Daga lungun gidansa suke tasowa. Kuma abin da ya fi ɗaure masa kai, da ya ɗauki ɗaya sai ya ji shi da ɗumi kamar an daɗe ana riƙe da shi a tafin hannu.

Daga nan abin ya shiga cikin waya. Kira yakan shigo babu lamba, ta yi sallama ta tambayi abin da za ta taimaka da shi, sai ta ji numfashi kawai, can ƙasa kuma wata murya tana rarrashin jariri da waƙar da ba ta da kalmomi. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san in ta faɗa, abu na farko da za a ce shi ne ta ajiye aikin.

Aku ce ta fara sauyawa. Yarinyar da ba ta iya cin lomar tuwo ɗaya ba tare da labari ba, sai ta koma kallon bango. A yi mata magana ta ɗago ido a hankali, ta dube ka kamar ba ta taɓa ganinka ba. Uwar ta ce ko gajiya ce, ko 'yan mata take shirin zama. Ruwa dai ba ya tsami banza, ita ma ta san haka, tsoron abin da za ta tarar ne ya hana ta tonawa.

Ranar da abin ya fashe, ana tsakiyar kira ƙofar ɗakin ta buɗe. Aku ce a tsaye, babu Auta a hannunta. Ta miƙe ƙyam fiye da tsawonta, hannayenta a sake, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito daga ciki, busasshiya kamar ana jan tsintsiya a siminti.

"Tashi min daga ɗaki."

Mai Waya ta cire abin kunne, ta ture yarinyar gefe ta ruga lungu. Ta tarar da Auta kwance a tsakiyar katifa, an kewaye shi da duwatsu a jere, ko ɗaya bai taɓa shi ba, yana tsotsar yatsa. Tana ɗaukarsa ta ji faɗuwar Aku a tsakar gida.

Kafin gari ya waye yayar maigida ta iso, kuma da hukuncinta ta zo a baki. "Ai na faɗa. Mace ta kulle kanta a ɗaki tana hira da mutanen da ba a gani, me kuke jira ya biyo baya? Ki rufe wannan abin ki rungumi 'ya'yanki." Maigidan ya kau da kai, hakan kuwa ya fi maganar yayar ciwo. Mai Waya ta zauna rungume da kan Aku a cinyarta, zuciyarta ta rabu biyu. Tana son 'yarta fiye da numfashinta. Amma ɗan teburin nan shi ne abu na farko da ya zama nata ita kaɗai tun da aka kawo ta gidan aure, kuma ta ji a ranta in ta bari aka kore ta daga kansa yau, ba za ta ƙara samun bakin neman wani abu ba har ta mutu.

Malamin da aka ɗauko dattijo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Da la'asar ya zo, amma ya ƙi fara komai. Ya leƙa ɗakin aiki, ya leƙa lungu, ya daɗe tsaye yana kallon katifa da kabad, sannan ya nemi tabarma ya zauna yana jan carbi har rana ta faɗi. Bayan an yi magariba ya sa aka kwantar da Aku a tsakar gida, aka lulluɓe ta da mayafin uwarta, ya fara karatu a hankali, ba ihu ba tsawa.

Iska ta tsaya. Ko kukan sauro ba a ji. Karatun ya yi nisa kafin yatsun ƙafar yarinyar su fara rawa, sai bayanta ya banƙare, ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ni na riga su zama a gidan nan," in ji muryar. "A ɗakin can na haifi 'ya'yana, a bayan kabad na rene su. Rana ɗaya matar nan ta watso mu waje ko sallama babu. Na yi haƙuri, na bi kayana lungu. To can ɗin ma ba a bar ni ba. Kullum magariba, lokacin da nake kwantar da ƙaramina, sai ta turo min 'yarta ta zauna a kanmu da jariri mai tsala ihu. Ita tana son shiru a ɗakinta, ni ban san daɗin shiru ba ne?"

Maganar ta soki Mai Waya, don gaskiya ce. Malam ya gyara tabarau ya ce, "An taka ki, na ji. Amma yarinya aikenta aka yi, ba ta da laifi, kuma shiga jikinta zalunci ne da Ubangijinmu da ke ya hana. Ki fita."

"Zan fita. A mayar min da kayana ɗaki, a kulle, a fitar da wannan akwatin mai magana daga gidan. Ta daina aikin. In ba haka ba, ni da yarinya mutu-ka-raba."

"An yarda!" maigidan ya faɗa da sauri. "Wallahi an yarda, gobe-goben nan..."

"Ba a yarda ba."

Kowa ya juyo. Mai Waya ta miƙa wa yayar miji Auta, ta matso ta durƙusa gaban 'yarta. Muryar da ta fito ita ce wadda take tarar fusatattun masu kira da ita, mai sanyi, marar gaggawa.

"Baiwar Allah, na saurare ki har kin gama, ke ma ki saurare ni. Na tura 'yata inda bai kamata ba, a lokacin da bai kamata ba, don in ɓoye cewa ni uwa ce. Wannan laifina ne, na karɓa, kuma daga yau ya ƙare. Amma ɗakin nan ba zan fita ba, aikin nan kuma ba zan bari ba. Kin ce ke uwa ce. To wace irin uwa ce take kama 'yar wata ta yi garkuwa da ita? In faɗa kike nema ga ni, ni na kwashe miki kaya. Sakar min yarinya."

"Ke, rufa mana asiri!" in ji yayar miji. Duwatsu suka zubo a kan rufi kamar ƙanƙara, fitilar tsakar gida ta yi ƙasa ta dawo. Idanun Aku suka tsaya cak a kan uwarta, jajaye, babu ƙiftawa. Mai Waya ba ta sauke nata ba. Tsoro yana cinta har cikin ƙashi, amma fushin da ke ƙarƙashin tsoron ya fi shi nauyi.

Malam bai tsawatar mata ba. Ya ɗaga muryar karatunsa kaɗan, ya ci gaba, har aljanar ta fara nishi tana cewa a tsaya. Sannan ya ce, "Kin ji matar gida. Wanda aka biya wa buƙata don ya kama yaro, gobe ma yaro zai kama. Ba za a ba ki ɗaki ba, ba za a ba ki komai ba. Ƙasar Allah da faɗi."

Da muryar ta dawo, kaifinta ya ragu, ta koma ta tsohuwar da ta gaji.

"Ƙaramina ba ya barci sai a cikin kabad ɗin nan."

Mai Waya ta dubi Malam, ya ɗan sunkuyar da kai. Ta ce, "Tarkace ne, dama zubarwa zan yi. Gobe za a fitar da su bayan gari, inda ba yaro ba waya. Wanda ya ga dama ya bi su."

"Kin fi ni taurin kai," in ji muryar. Malam ya sa ta yi rantsuwa da Wanda ya halicce ta ba za ta dawo ba, ta yi. Aku ta yi atishawa mai ƙarfi, yatsan ƙafarta ta hagu ya girgiza, ta sulale a jikin uwarta. Can ta buɗe ido, ta ce da ƙaramar muryarta, "Umma, ƙishirwa nake ji. Kuma wai me ya sa kowa yake kallona?" A nan ne Mai Waya ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Da safe mai kurar ɗaukar kaya ya zo ya ɗora katifa da kabad. Ya yi ta mitar bai taɓa jan fankon kabad mai nauyin wannan ba. Maigida da kansa ya share lungun, ya kwashe duwatsun zai zubar, matarsa ta zaɓi babba ɗaya ta ce a bar mata.

Mai Waya ta kira shugabar sashensu ta ce a mayar da ita aikin hantsi, kuma ta gaya mata a fili tana da jariri, wani lokacin za a ji shi, in hakan bai yi musu ba su faɗa yanzu. Matar ta ce a gwada a gani. Yayar miji ta tafi tana cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho, Mai Waya ta raka ta har ƙofa ta ce ta gaida gida.

Da hantsi ta goya Auta, ta shiga ɗakin, ta zauna a teburinta. Iska ta turo ƙofar za ta rufe kamar yadda ta saba. Ta miƙa ƙafa ta tura dutsen nan ƙarƙashinta, ƙofar ta tsaya a buɗe. Daga tsakar gida tana jiyo Aku, wadda aka bari ta huta ranar, ta tsare babanta da labarin da ba shi da ranar ƙarewa. Kira ya shigo. Auta ya yi ƙorafi a bayanta, ta jijjiga shi da kafaɗa, ta gyara abin kunne, ta yi sallama.