Ƙirjin Rago da Agogon Darhan

Falon su Nazerke a birnin Almaty ya cika da dangi. Mahaifinta, Serikbay, ya ɗauko ƙirjin rago, rabon da ake ba surukin gida, ya miƙa wa saurayinta Darhan. Sai agogon hannun Darhan ya yi ƙara. Gogan ya duba, ya ture farantin.

"A yi haƙuri, Baba, agogo ya ce kitse zai ɓata min atisayen gobe."



Tun asali a wajen atisaye Darhan ya haɗu da Nazerke, na gasar nan da ake iyo, a hau keke, a ƙare da gudu, wuni guda cur. Ita da numfashinta take auna kanta. Shi kuwa na'ura a fedar keke tana auna ƙarfin ƙafa, maɗauri a ƙirji yana bin bugun zuciya. Abin takaici, ko barci ya yi sai ya tambayi agogo ko ya ishe shi!

Nan a falon Serikbay ya karɓe agogon, ya ce, "To agogon ya ba ka mata. In 'yata kake so, cire tarkacen nan, ka yi gasar birnin Astana da jikin da Allah ya ba ka."

A bakin ƙofa Darhan ya dafe kai. "Babanki zai kashe ni! Ba mita, yaya zan san ƙarfin da zan taka?"

"Haba Darhan! Ni da me nake sani?" Hawaye suka zubo wa Nazerke. "Ka kunyata ni gaban dangi, amma mita kake wa kuka? In kana iya magana a kan keke, kana daidai. In ka kasa, ka sassauta, shi ke nan!"

Duk bazarar nan tana taka keke a gefensa tana jan sa da hira, yana ƙunƙuni, yana duba hannu wayam. Sau nawa ta koma gida da kuka, amma ta daure.

Ranar gasa ya yi ta magana shi kaɗai a kan keke kamar taɓaɓɓe. Bai zo na ɗaya ba. Sai da almuru ya iso, amma ya iso. Serikbay na tsaye da ƙunshi: ƙirjin rago ne, kitsen ya daskare. Darhan ya cinye tas.

Na'ura tana da amfaninta, amma wanda ya bar mata ji da gani zai daina jin jikinsa, ya daina ganin mutanen da ke gabansa.

Tsohon ya miƙa masa agogon. "Ungo abinka, surukina. Amma ranar biki ni zan tsayar, ba agogo ba."