Bijimin Teburin Shitu

An sakko daga masallacin Juma'a ke nan, Sufeto Ishiyaku ko hularsa bai cire ba, sai harabar caji ofis na Rano ta kaure da hayaniya. Mutane ne tuli, kowa yana so ya riga ɗan'uwansa magana. A gabansu Shitu mai shayi ne, idanunsa sun yi jajur.

"Yallaɓai, an sace bijimin marainiya," in ji Shitu.

Sufeto bai nemi ƙarin bayani ba. Duk mazaunin Rano ya san teburin Shitu na bakin tasha, ya kuma san ba shayi da burodi kaɗai ke gudana a wurin ba. A rumfar nan aka haɗa kuɗin gyaran famfon unguwa, a nan aka tara na rufin Islamiyya da iska ta yaye. In mace ta haihu mijinta ba shi da halin ragon suna, a teburin Shitu maganar take ƙarewa. Mutum ya sha shayinsa, ya jefa canjin a wani tsohon gwangwanin madara, ya tashi yana jin kamar ya gina masallaci.

Bana maganar Mufida ce ta taso, 'yar Barira mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu. Yarinyar ta faɗo daga bishiyar mangwaro, aka yi ɗori bai kama ba, ƙashin ya fara ruɓewa. Likitoci a Kano suka ɗora ta a kan magani, suka sa ranar aiki, suka ce in ta wuce to sai dai a yanke ƙafar. Canjin gwangwani ba zai biya wannan ba. Sai Manu, Bafulatanin da ke kawo wa Shitu madara daga wajen Lausu, ya jawo ɗan bijimi ya bayar saboda Allah. Aka ɗaure shi a bayan rumfa, ana turka shi da canjin masu shan shayi har ya zama abin kallo. Ranar Lahadi za a sayar da shi, ranar Litinin Barira ta kai 'yarta asibiti.

Sufeto ya ɗauki Saja Amiru suka bi jama'ar.

Turken yana nan daram, bai ko girgiza ba. Ba jini, ba alamar turjiya. Sawun bijimin ya miƙe a natse ya nufi bayan dutse, can ya haɗu da sawun mota ya ɓace. Ko guntun igiya ba a bari ba.

"Wa ya gan shi na ƙarshe?"

"Ni ne, Yallaɓai. Na zuba masa dusa, na rufe rumfa, na tafi masallaci."

"Ka ga wani a wurin yau?"

Shitu ya sassauta murya kamar abin yana masa nauyi. "Ba na son in ɗauki alhakin mutum. Amma da safe na ga Manu yana ta zagaye shi."

"To me ake jira?" in ji Alhaji Ramalan, shugaban kwamitin taimakon, mai sayar da taki, wanda bai iya magana a hankali ba. "Wanda ya bayar, shi ya dawo ya ɗauke. Mun san halinsu!"

Sufeto ya tsani wannan magana. Ya daɗe a aikin nan, ya san in dabba ta ɓata a ƙasar nan, kafin a duba sawu an riga an juya ana kallon ruga. Can gefe ya hango Barira zaune a kan kujerar tuyarta, ta zabga tagumi. Cikin masu ihun nan ba wanda ya kalli inda take.

Da la'asar suka isa rugar Manu. Suka same shi yana cire wa wata saniya kaska.

"Ka je wajen bijimin yau?"

"Na je, ranka ya daɗe. Na kai madara. A hannuna aka haife shi, ba zan duba shi ba?"

"Ina ka yi Juma'a?"

"A Lausu. Ka tambayi liman, a bayansa nake."

"Da ka kira shi, zai bi ka?"

Manu ya yi wata dariya mara daɗi. "Ni? Yau ma ƙaho ya kawo min. Tunda ya ɗanɗana burodi ya manta da ni. Yanzu mai ba shi yake bi."

"Kowa a teburin nan yana miƙa masa burodi, Yallaɓai," in ji Saja.

Sufeto ya gyaɗa kai, ya tambayi Manu shaidar dabbar. Fari ne sol, an tsaga masa kunnen hagu sau biyu. Igiyarsa kuwa Manu ne ya tufka ta da hannunsa, ta rama ce, ya saƙa mata shuɗin zaren buhu a tsakiya.

Liman ya tabbatar da maganar Manu. Duk da haka Sufeto ya tafi da shi ofis, don labari ya iso masa cewa samarin tasha suna shirin zuwa rugar da fetur. Haka mutumin da ya ba da kyautar bijimi ya kwana a bayan kanta, ɓarawon kuwa ya kwana a kan katifarsa.

Washegari da hantsi wani ɗan sanda na Kibiya ya bugo waya. Ya ce a garin Fammar, wani mahauci, Ɗayyabu, ya yanka ƙaton sa ba ranar kasuwa ba, yana ta sayarwa da araha. Sufeto ya ajiye wayar. Ya so ƙwarai a ce ba bijimin ba ne.

Ya fito da Manu daga bayan kanta, suka tafi tare da Saja. Suka tarar da Ɗayyabu yana jera tsire.

"Ina ka samo san nan?"

"Nawa ne, Yallaɓai. Na daɗe ina kiwonsa."

"A ina kake ɗaure shi? Nuna min turken."

Ɗayyabu ya hau sosa ƙeya. Saja ya zagaya bayan rumfar ya jawo kai da fata. Manu ya durƙusa ya kama kunnen hagu, ya shafa tsagar da yatsa, sai kawai ya zauna a ƙasa.

"Wallahi saye na yi!" in ji Ɗayyabu. "Waya aka yi min, lambar a ɓoye. Aka ce in zo da mota bayan dutse lokacin huɗuba. Mutumin ya sa takunkumi, ya naɗa rawani, ko idonsa ban gani sosai ba. Na biya shi a tsaye."

"Kai mahauci ne. Sa irin wannan, a wannan farashin, lokacin huɗuba, ba ka san na sata ba ne?"

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai.

"Me ka tuna game da shi?"

"Taurin kai. San yana hawa mota ya kwance igiyarsa. Na ce ya bar min, ga kuɗin igiya, ya ƙi. Sai ta direba muka ara, saura kaɗan san ya farke min ciki a hanya. Shi kuwa ya tsaya yana naɗe abarsa a hannu kamar ba sauri yake ba."

Sufeto ya sa aka tura Ɗayyabu cikin mota. A hanya ya yi ta juya maganar a ransa. Bin lambar waya sai an yi makonni, Litinin kuwa jibi ce. Amma igiyar nan ta tsaya masa a rai. Ɓarawon shanu ba ya tsayawa naɗe igiya. Mai wannan ɗabi'ar shi ne mai kiwon turka, wanda ya tashi ya ga iyayensa ba sa sayar da dabba da igiyarta, wai kada arzikin kiwon ya bi ta ya bar gidan. Mahaifin Sufeto ma haka yake yi har ya koma ga Allah. Kuma mutum ba ya yi wa dabba haka sai in a ransa yana jin tasa ce.

"Manu, in ka sayar da sa, kana karɓe igiya?"

"Ranka ya daɗe, ni da igiyar na bayar da shi."

Alhaji Ramalan ko kaza ba ya kiwo, kuma a sahun farko aka gan shi a Juma'a, inda yake so a riƙa ganinsa. Saura Shitu, mai ciyar da bijimin kullum. Sufeto ya ɗauki mai unguwa suka nufi gidan Shitu, suka yi sallama. Jumai, matar Shitu, ta yafa mayafi ta ce su shigo.

"Maigidan yana kiwo?"

"Yana yi da, Yallaɓai. Bara ya sayar da su duka, saura 'yar akuyar nan."

Ta nuna musu garken. A ƙarƙashin rufin kwanon an kafa ƙusoshi, kowace da igiya a naɗe, wasu har sun yi baƙi don tsufa.

"Waɗannan fa?"

Jumai ta yi murmushi, har da ɗan alfahari. "Ai duk dabbar da ya sayar, igiyarta tana nan. Ko taɓa su ba ya bari a yi."

A ƙusar ƙarshe akwai wata mai kauri, ta rama, da shuɗin zare a tsakiyarta. Sufeto ya sauke ta. Bai iya kallon fuskar matar ba lokacin da ta tambaye shi ko lafiya.

Bayan la'asar teburin ya cika maƙil. Barira tana gefe tana tuya, don ko ana cikin masifa sai an ci abinci. Shitu kuwa, ka ji rashin ta ido, gwangwanin madarar ne a hannunsa yana zagayawa da shi, wai a sake sabon karo-karo. Mutane suna ta jefawa suna tsine wa ɓarawo.

Sufeto ya ajiye igiyar a tsakiyar kofuna, Manu yana tsaye a bayansa.

"Malam Shitu, ka san wannan?"

"Igiya ce, Yallaɓai. Ai igiya duk kamarsu ɗaya."

"Manu?"

"Tawa ce. Ni na tufka ta."

"Jiya a wuyan bijimin take. Yau a garkenka na sauke ta, a gaban mai unguwa. A wane sahu ka yi Juma'a?"

"A waje na tsaya, masallacin ya cika."

"Wa ke kusa da kai?"

Shitu ya dubi fuskokin da ke zagaye da teburin. Duk cikinsu ba wanda bai sha shayinsa ba, amma ba wanda ya ce ya gan shi a masallaci. Ya ajiye gwangwanin a hankali.

"Ni ne," in ji shi.

Kowa ya zuba masa ido.

"Ni ne, kuma ku daina kallona haka. Bara da wuta ta cinye min rumfa, wa ya tara min? Da Jumai ta kwanta asibiti, tumakina na sayar ɗaya bayan ɗaya, kuna zaune a nan kuna shan shayi. Alhaji, da na same ka a shago me ka ce min? Ka ce mai tara wa jama'a ai ba ya rasawa. San nan, wa ke yanko masa ciyawa cikin ruwan sama? Wa ke kwashe kashinsa? Ku dai ku zo ku ɗauki hoto da shi ku sa a waya!"

"Shi ya sa ka ɗora wa Manu?" in ji Sufeto.

Shitu ya kau da kai, Sufeto ya matso kusa da shi.

"Ita yarinyar fa, me ta yi maka?"

Shitu ya ƙura wa igiyar ido, Sufeto ya ci gaba.

"Ina kuɗin?"

"Na kai wa wani ejan a Kano jiya da yamma. Ya ce zai fitar da ni Saudiyya aiki. Na ce in na je zan aiko mata da ninkinsa, wallahi haka na ƙudura."

Saja ya karɓi wayar Shitu ya kira lambar ejan ɗin. A kashe take. Ya sake kira, ya kuma sakewa. Shitu yana kallonsa, fuskarsa tana sauyawa, don sai a lokacin ya gane shi ma an yi masa.

"Igiyar fa? Me ya sa ba ka jefar da ita ba?"

"Ban ma san na taho da ita ba, Yallaɓai. Sai da na iso gida na gan ta a hannuna. Na kasa yar da ita."

Saja ya buga masa ankwa.

Alhaji Ramalan ya miƙe yana kaɗa babbar riga. "Daga yau ko sisina ba zai sake shiga wani taimako ba! Ashe ɓarayi muke yi wa kiwo!" Ya zura hannu a gwangwanin ya zare takardar kuɗin da ya jefa ɗazu. Sauran suka bi bayansa, kowa yana laluben tasa, har da masu musu a kan wa ya jefa wacce. Ba wanda ya juya ya ce wa Manu ya yi haƙuri. Shi ma bai jira ba, ya saɓa sandarsa ya kama hanyar Lausu.

Sufeto ya tasa ƙeyar Shitu zuwa mota, ransa a ɓace kamar shi aka kama. Ya gano ɓarawo cikin kwana ɗaya, a ofis za a yaba masa, amma bai ga abin da hakan ya tsinana ba.

Zai shiga mota ke nan Barira ta sha gabansa, matsamin ƙosai a hannunta. Ba ta kalli Shitu ba, ba ta zage shi ba.

"Yallaɓai," in ji ta, "jibin nan, in kai ta ko in bari?"

Sufeto ya shiga mota ya ja ƙofa. Har suka sha kwana tana tsaye a wurin, ƙosanta yana ƙonewa a cikin mai.