Farar Robar da Ba Ta da Takarda

Ƙarfe goma da rabi na safiyar Asabar wani ƙaton mutum ya faɗo ofishin 'yan sanda, riƙe da wuyan rigar wani siririn dattijo. Sufeto yana tsaye bakin kanta yana taunar murfin biro. Shi dai ba a san shi da zama ba. Kujerarsa ta fi kowace kujera a ofishin hutawa.

"Yallaɓai, ga shi nan. Ya kashe min ƙanwa," in ji ƙaton. Direban tanka ne, har yanzu makullin mota na hannunsa. "Jiya na bar ta garau tana shanya. Yau fuska ta kumbura, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Guba ya sa mata a shayi."

Sufeto ya dubi dattijon. Tela ne, igiyar awo ma tana leƙowa daga aljihunsa. Shekara ashirin da shida da aure, 'ya'ya huɗu.

"Me kuke yi lokacin da abin ya faru?"

"Shayi muke sha."

"Yaran fa?"

"Sun tafi makarantar Asabar."

Aka sa shi bayan kanta, Sufeto ya kira Saja, mace mai kaifin ido da ƙarancin magana, suka nufi gidan.

A falo akwai kofi biyu a kan tire. Sufeto ya sunkuya ya duba. Dukansu cike suke, madara ta yi yana a sama, babu alamar baki a ko ɗaya.

"Wannan shayin ba wanda ya taɓa shi," ya ce, ya wuce ɗakin kwana.

An gyara gado cikin gaggawa, zanin ya karkace. Saja ta ɗaga kusurwar katifa, ta zaro wata 'yar farar roba irin ta man goge baki, ba rubutu a jikinta ko ɗaya. A cikin durowa ta sami wata irinta, tsohuwa, an matse ta ƙaf.

Sufeto ya buɗe sabuwar, ya ɗiga a yatsa. Wani abu ne mai santsi kamar ruwa mai kauri, ba launi, ba ƙamshi. Ya goge a hankici, ya sa robobin a leda, ya mayar da biro baki.

Suna kan hanyar asibiti ya fara lasar leɓe.

"Saja, leɓena yana nan kuwa?"

"Yana nan, yallaɓai. Duka biyun."

"To ni ba na jin na ƙasan."

Likitar da ta karɓi matar ba ta ɓata musu lokaci ba. Ta buɗe fayil, ta nuna wani jan layi a shafin farko.

"Ban ga alamar guba ba. Maƙogwaronta ne ya kumbura ya toshe. Shekara tara da suka wuce da aka yi mata aiki, saura kaɗan mu rasa ta saboda wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kulohezidin. Mutane da yawa ba ya musu komai. Ita jikinta ba ya karɓarsa sam, kuma ta sani. Har jan kati muka ba ta."

Sufeto ya ajiye ledar a kan tebur. "Wannan fa?"

Likita ta matsa kaɗan a kan gilashi. "Man ma'aurata ne, na rage bushewa lokacin saduwa. Mata da yawa na buƙatarsa idan al'ada ta ɗauke musu."

"Me ake zubawa a ciki?"

"Yawanci ruwa ne, da abin da ke sa kauri, da gilisarin, da sinadarin hana lalacewa. Ga yawancin mutane lafiya lau. Wasu gilisarin kan jawo musu ƙaiƙayi, wasu turaren ciki ko abin sa ɗumi ke musu zafi. Wani kamfani kan ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ake rubuta komai a jiki. Ina takardar wannan?"

"Ita muke nema. Akwai wanda ke kashe leɓe?"

Likita ta ɗago kai. Sufeto ya ba ta labarin biro, Saja ta juya tana kallon bango don kada dariya ta kuɓuce mata. Likita kuwa ba ta yi dariya ba.

"Akwai wanda muke shafa wa robar fitsari kafin a saka wa marar lafiya. A cikin sirinji yake zuwa. Da maganin kashe zafi a ciki, da kulohezidin. Ba na ɗakin kwana ba ne. Zan aika ɗan abin da na matsa ɗakin gwaji, amma ina jin tsoron na riga na san amsar."

Sufeto bai jira ta rufe fayil ba. Kafin azahar yana ɗakin tambayoyi yana kai da komo, Tela na zaune hannu a cinya.

"Shayin da kuka sha yana nan cike a kofi."



Ya ajiye robar a gabansa. "Wannan na mene ne?"

"Man ciwon gwiwa ne."

"Malam, surukinka yana waje yana faɗa wa duk wanda ya wuce cewa kai ka kashe ta. Babbar 'yarka tana kan benci tana ji. Ranar Litinin zan kai ka kotu da tuhumar kisan kai. Gwiwar wa?"

Tela ya dubi Saja, ya sunkuyar da kai. Ta gane, ta fita ta ja ƙofa.

"Ranka ya daɗe," ya ce a hankali, "mace ce mai kamun kai. Ta rasu. In tsaya gaban yayanta da 'yarta in ce ga abin da muke yi da safe? Gara a ce na kashe ta."

Wannan magana ta ba Sufeto haushi, ta kuma ba shi tausayi, har ya rasa wanda zai fara nunawa. Ya ja kujera ya zauna, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Ni ba yayanta ba ne. Faɗa min."

Sai ya faɗa. Shekara uku ke nan tana fama da zafi, ba ta gaya masa ba sai da ya lura. Tare suka je kemis ɗin bakin titi. Matar da ke da shagon, mai ilimin magani ce, ta karanta katin asibitin, ta bi robobin kan kanta ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓa musu wanda babu sinadarin a ciki. Tun daga nan shi yake saya, iri ɗaya, ba canji.

"Takardar jikin fa?"

"Ni nake cewa a ɓare. Yara suna buɗe durowa neman almakashi."

"Wa ya sayar maka da wannan?"

"Madam mai shagon ba ta nan ranar Alhamis. Baba Nas ne, yayan mijinta, wanda ya yi ritaya daga asibiti. Na ce irin na kullum. Ya shiga ciki ya fito da shi a naɗe a jarida."

Sufeto ya ɗauki robobin biyu yana jujjuya su. Tsohuwar tana manne masa a yatsa, gam ɗin takardar da aka ɓare yana nan. Sabuwar kuwa sumul take. Ba a taɓa manna mata komai ba. Gindin tsohuwar an liƙe shi tsaf da lambobi a jere. Na sabuwar a karkace yake, da ɗan baƙi-baƙi a gefe.

Ya miƙe tsaye. "Saja! Mota."

Kemis ɗin tsaf yake, da sanyin fanka da warin magani. Madam tana bayan kanta. Can gefe wani dattijo mai farar riga da tabarau yana auna jinin wata mata, yana mata faɗa a kan gishiri.

"Kin san Tela?" Sufeto ya tambaya.

"Na san shi da matarsa. Lafiya?"

"Ta rasu yau da safe."

Madam ta dafa kanta. Sufeto ya ajiye sabuwar robar. Ta ɗauka, ta juya ta, ta girgiza kai.

"Wannan ba namu ba ne. Irin da nake ba su ya yanke wata biyu ke nan, kamfanin bai kawo ba. Na ce duk wanda ya zo a ce masa babu, ya jira ni in zaɓa masa wani."

"Wa kika ce wa?"

Ta juya ta dubi dattijon. Ya cire abin awon daga kunnensa a nutse.

"Ni ban ga Tela ba tun watan jiya," in ji Baba Nas. "Mutum cikin ruɗu yakan faɗi abin da ya ga dama."

"Ranar Alhamis kana nan?"

"Ina nan. Bai zo ba."

"Fararen robobi marasa rubutu, kuna da su?"

Madam ce ta amsa. "Muna da su a ɗakin ciki, na haɗa man fata idan likita ya rubuta. Amma rabon da in haɗa tun bara."

"A kwali nawa suka rage?"

"Ban taɓa shi ba. Ya kamata ya kusa cika."

Saja ta riga ta shige. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya da kantar ajiye magani. Kwalin robobin ya yi rabi. A kan teburin akwai guntun kyandir da filaya, bakin filayar da narkakkiyar roba. Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashi, ta zazzage shi a ƙasa. Sirinji ne marasa allura, fanko, sun fi talatin.

Madam ta ɗauki ɗaya ta karanta jikinsa.

"Yaya, wannan na masu robar fitsari ne. Me ka yi da su?"

Baba Nas ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sufeto yana zagaya shi kamar mai neman inda zai ajiye kaya.

"Shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya," dattijon ya ce. "Na shafa wa mutum dubu wannan man, ba wanda ya ko yi tari. Na asibiti ne, ya fi na kanti tsabta. Har zafi yake kashewa."

"Shi ya sa ka ɗura shi a roba ka liƙe da kyandir?"

"Mutum ya zo yana raɗa, yana waige-waige, gumi na keto masa. Ya yi ta maza ya tambaya, in ce masa babu? Ba zai sake dawowa ba, can zai je ya shafa man gashi ko man girki. Kuma duk cewa suke a ɓare takardar. Na ga tunda ba mai karantawa, farar roba farar roba ce."

"A asibiti, kafin ka shafa wa marar lafiya, me kake fara tambaya?"

Dattijon ya dubi sirinjin da ke zube a ƙasa.

"Ina jin ka, Baba."

"Ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa."

"Ka tambayi Tela?"

"Ba a tsayar da su da tambaya. Kunya suke ji." Muryarsa ta dushe. "Ya zo ranar Alhamis. Ni na ba shi. Ban san matarsa ce mai jan katin ba. Da na tambaya, da ya faɗa min."

"Mutum nawa ka ba?"

"Goma sha ɗaya."

Sufeto ya juya ga Madam. "Kin san su?"

"Na san yawancinsu." Ta riga ta ɗauko waya.

"Kira su yanzu, kada ki jira gobe. Wanda bai ɗauka ba, Saja za ta raka ki gidansa."

Baba Nas ya cire farar rigarsa da kansa, ya ninke ta a kan kujera, ya miƙa hannu. Matar da ake auna wa jini tana nan zaune da abin awo a damtse, ba wanda ya tuna da ita.

La'asar ta yi lokacin da suka iso ofis. An fito da Tela, an ba shi igiyar awonsa da hularsa. Aka wuce da Baba Nas ta gabansa. Wani kofur ya shige da Baba Nas ciki.

Direban tanka ya taso, babbar 'yar tana bayansa, idonta ya kumbura.

"Yallaɓai, ya aka sake shi? Me ya kashe ta?"

Sufeto ya riga ya shirya amsa. "Magani ne aka sayar musu ba bisa ƙa'ida ba. Ga wanda ya sayar can. Surukinka ba shi da laifi."

"Wane irin magani?"

"Wannan kuma sai a kotu."

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Tela. Bai dubi surukinsa ba, 'yarsa ya duba. "Man ma'aurata ne. Ni na sayo mana. Mamanku ko sabulu aka kawo gida sai ta karanta bayansa, kin sani. Yau da safe ta juya robar nan tana neman rubutu, ta yi dariya ta ce kullum sai na sa an tuɓe wa robar riga. Da ina barin takardar a jiki, da ta gane ba shi ba ne."

Direban ya sunkuyar da kai, makullin ya daina kaɗawa a hannunsa. Yarinyar ta matso ta karɓi hular daga hannun mahaifinta, ta sa masa a kai, ta gyara ta.

Tela ya juyo ga Sufeto. "Idan za ka rubuta rahoto, ka rubuta shi da sunansa, da duk abin da ke ciki."

Sufeto ya cire biron daga bakinsa, ya goge shi a hannun riga, ya ja kujera ya zauna.