Awa Goma Sha Uku da Minti Ashirin

Tikitin gwaggonta ta je karɓa ranar da ta fara shiga ofishin kamfanin jiragen sama. Ta tambayi saurayin da ke bayan teburi tsawon tafiyar.

"Awa biyu da minti goma sha ɗaya, idan iska ba ta saɓa ba," in ji shi.

Ta yi dariya. "Har da ɗayan, Malam Minti?"

Sunan ya bi shi, zuciyarsa kuma ta bi ta.

Bayan shekara guda, ana shirin maganar aure, kamfanin ya mayar da shi reshensa na wata ƙasa mai nisa. Mahaifinta ya ce ba zai aurar da 'yarsa inda ba za ta iso shi cikin yini guda ba. Ga kuma ɗan ƙanin mahaifin nata, mai shago a bakin layi, yana ta zaryar neman aurenta.

Sai wanta ya nuna wa Baba tikitin jirgin zuwa can: tashi ƙarfe goma na safe, sauka huɗu da minti ashirin na yamma. "Awa shida ce kacal, Baba." Baba ya sassauta, ya ce a turo masa manemin.

Ta aika wa masoyin nata saƙo: "Malam Mintina, na san agogon can yana bayan namu da awa bakwai. Don Allah kada ka gyara wa Yaya lissafi. Ka yi shiru kawai, ka ji?"

Ya amsa: "Sanyin idona, ina tsoron rasa ki. Amma idan Baba ya tambaye ni fa?"

Ta karanta, ta kife wayar.

A falo, Baba ya cire tabarau. "An ce mini awa shida. Haka ne?"

Manemin ya ɗago kai. Yana hango ƙafafunta ta ƙasan labule.

"Baba, awa goma sha uku ce da minti ashirin a sama. Agogon can ne yake baya."

Wanta ya dafe kai. Manemin kuwa ya zaro takarda.

"Daga ƙofarmu zuwa wannan ƙofa, awa goma sha tara. Ranar Talata babu jirgi kai tsaye, talatin da ɗaya ce. Na rubuta na kowace rana, da lambar wanda zai samo mata kujera."

Baba ya daɗe yana karantawa.

"Gidan yayarta tafiyar awa biyu ce a mota," ya ce a hankali. "Da mahaifiyarsu ta kwanta asibiti, sai bayan kwana huɗu mijin yayar ya bar ta ta zo." Ya ninke takardar, ya sa a aljihu. "Idan kuma ranar Talatar na kira?"

"Kafin ku ajiye wayar mun fita daga gida, Baba."

"Na ba ka. Allah Ya yi muku albarka."

Aka ji shessheƙa a bayan labule.

Mako biyu da ɗaurin aure, a filin jirgi, Baba ya dafa kanta, sannan ya duba agogonsa.

"Awa goma sha uku da minti ashirin. Allah Ya sauke ku lafiya. Ki kira ni, ina ƙirgawa."