Turke Na Sha Tara

Da ƙarfe tara na safe wata mata ta shigo caji ofis da taswira a hammata, ta ce an sace mata ƙasa taku arba'in.

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan. An kawo masa ƙarar satar janareto, da ta ƙofar banɗaki, amma ba a taɓa kawo masa irin wannan ba.

"Malama, a buhu aka kwashe ko a tifa?"

"Yallaɓai, ba wasa ya kawo ni ba. Ni ce jami'ar safiyo."

Ta shimfiɗa taswirar a kan tebur. Kowace shekara ofishinsu yana auna yadda birni ke cin gonakin da ke kewaye da shi. Birnin kuwa ba ya ƙoshi. Inda aka noma albasa bara, bana shagon cajin waya ne. Saboda haka aka ja layi a bakin fadama, aka kafa turakun siminti, aka ce daga nan babu gini. Hoton tauraron ɗan Adam ya nuna gida shida sun tsallake layin. Amma da aka je wurin, sai turke na sha tara ya nuna gidajen suna ciki lafiya lau.

"Jibi kwamitin bincike na ofishinmu zai zauna," in ji ta. "Sun ce ko na ci hanci na matsar da turken, ko ban iya aikina ba. Ko wanne suka zaɓa, korata za su yi."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Kofur, samo mana shebur."

A bakin fadama suka tarar da wani dattijo da tef ɗin awo a wuya. Shi ke jan awo a ofishin safiyo tun kafin a haifi Malama, kowa Baba Mai Tef yake ce masa.

"Baba, ka san unguwar nan?" Sufeto ya tambaya.

"Ina fa, ranka ya daɗe. Ni can gabashin gari nake. Aiki kaɗai ke kawo ni."

Malama ta duba na'urarta ta awo, ta nuna inda turken yake tun asali. Kofur ya haƙa har gwiwa, yana huci.

"Babu komai, Yallaɓai. Ƙasa ce zalla."

"To abin mamakin ke nan," in ji Malama. "Mu ba ma kafa turke sai mun binne gawayi da fasassun kwalabe a ƙarƙashinsa. Ko an tumɓuke shi, su za su ba da shaida."

"Wa ya san haka?"

"Ba abu ne da ake shelarsa ba."

Aka kawo dillalin filayen unguwar, mutum mai ƙamshin turare da waya uku.

"Wallahi, Yallaɓai, ko fegi ɗaya ban taɓa sayarwa a nan ba."

"Wancan allon fa, mai lambar wayarka?"

Dillali ya juya ya dubi allon kamar yau suka fara haɗuwa. "To, na ɗan sayar. Shida kacal. Amma turke ban taɓa shi ba. Tsakani da Allah, in ni ne, a taku arba'in zan tsaya? Ai sai dai ku tsince shi a tsakiyar kogi."

Sufeto ya yarda da shi. Wannan ce gaskiyar farko da ta fito daga bakin mutumin a ranar, kuma da alama ta ba shi wahala.

Suka taka zuwa inda turken yake yanzu. Yana tsaye cak. Sufeto ya zagaya shi sau biyu.

"Lambar da ke jikinsa ina take kallo?"

"Arewa," Malama ta ce. "Haka ƙa'ida ta ce."

"Kofur, haƙa."

"Ni dai yau na zama lebura," Kofur ya yi gunaguni. Shebur na biyar ya fito da gawayi, na shida da koren gilashi, an jera su tsaf.

"Ɓarawo ya saci turke, ya kwashe shaidarsa, ya zo ya kafa shi bisa doka," Sufeto ya ce. "Ina ma duk ma'aikatan gwamnati haka suke."

Ya ɗaga kai ya dubi gidajen shida. Biyar katangunsu sun karkace kamar haƙoran tsoho. Na shidan kuwa, kusurwarsa ko takardar littafi albarka. Ya je ya ƙwanƙwasa. Wata dattijuwa ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Sannu, Mama. Gidan wa ne nan?"

"Ga mai gidan can yana ɓuya a bayan ɗan sandanka. Malam, fito mana! Tun ran da ya dawo da gawayi a aljihu na ce masa, wannan ba na girki ba ne."

Baba Mai Tef ya fito a hankali, ya cire hularsa.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Shekara talatin da uku ina auna wa mutane filaye ina zaman haya. Saura wata huɗu in yi ritaya. Nan kaɗai ƙarfina ya kai. Na san bayan layi yake, ai ni na ja layin."

"Ka san Malama za a kora?"

"Shi ya sa tun jiya ban iya kallon idonta ba. Ki yafe ni, 'yata."

Malama ta shiga sake naɗe taswirar da ta riga ta naɗe.

"Amma Baba," Sufeto ya ce, "me ya kai ka binne gawayi? Da jefar da turken ka yi, da har yanzu dillali nake matsa wa."

Tsohon ya dube shi da mamaki. "In jefar? Turken safiyo?"

Kofur ya ciro ankwa. Malama ta ce a dakata: dole turken ya koma wurinsa kafin jibi, kuma duk ofishin mutum ɗaya ne ya iya kafa shi daidai.

Minti arba'in Baba ya yi yana aikin, yana yi wa Kofur faɗa a kan riƙon tef. Da ya gama, gidansa ya koma bayan layi da taku goma sha ɗaya. Shi da kansa ya faɗi adadin, Malama ta rubuta. Sannan ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya miƙa wa Kofur hannu biyu.