Muryar Malam Sidi a Kantin Zare

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ya ƙafar? Me ake buƙata yau?"

Haka Mai-Tarba ke buɗe baki kowace safiya a kantin zare da ke saman sabuwar kasuwar Funtuwa, inda jiragen dako marasa direba ke sauka bisa rufi kamar tantabaru. Na'ura ce mai allon gilashi da hannuwan ƙarfe, amma muryar ta Malam Sidi ce, wanda ya daɗe da rasuwa.

Ɗansa na fari, Injiniya Mudassir, shi ya ƙera ta. A cikin tsohuwar adaka ya tsinci kaset ɗin bidiyo da wata masaƙa ta ɗauka tun zamanin da ake layin shan mai, don koya wa masu tsaron kanti ciniki. Ga baban nasa nan da ƙuruciyarsa, hula a karkace, hoton yana rawa, yana nuna yadda ake tarbar mai saye. Darasin duka guda ne: ka gaishe shi, ka tambaye shi, sannan ka kama bakinka ka saurara. Allah sarki, zamanin da mutum zai shiga sayen allura ya fito da labarin unguwa kaf! Mudassir ya ɗura wa na'urar muryar da darasin, ita kuma ta ci gaba da koyo daga bakin masu zuwa, har ta san wa ke ciwon ƙafa, wa ya aurar da 'ya.

Babu mai zuwa kamar mahaifiyarsa, Hajiya Dije. Kullum sai ta hau da sandarta, ta zauna a benci, a gaisa, a yi ta ja-in-ja a kan launi, ta sayi zare ɗaya ta tafi. Matar da idonta ya daina ganin kafar allura, ina ita ina zare? Mudassir bai taɓa tsayawa ya yi wannan tunanin ba. Shi dai abin da ke ci masa rai shi ne layi, yadda tsofaffi ke cinye safiya da surutu.

Sai ya ƙirƙiro Idon-Zuci. Wannan sabuwar ƙwaƙwalwa tana auna bugun jini, da ɗumin fata, da inda ƙwayar ido ta tsaya, ta haɗa da tarihin sayayyar mutum, ta gano buƙatarsa tun yana bakin ƙofa. Tambaya ta zama ɓata lokaci ke nan, gaisuwa kuwa ba a ma maganarta. Hukumar kasuwa ta yi na'am, aka goge tsohuwar ƙwaƙwalwar da duk hirar da ta tara, aka dasa sabuwar. Mudassir da hannunsa ya danna maɓallin gogewar, yana ta washe baki.

Ranar buɗewa abin ya yi kyau, babu ƙarya. Tela ya shigo, kafin ya yi sallama an miƙo masa maɓallai. Wata amarya ta samu leshin da take mafarki ba ta ce uffan ba. Sai ga Hajiya Dije da sandarta. Ta zauna a benci, ta gyara mayafi, ta jira.

Shiru. Fitilar na'urar ta zagaya fuskarta, hannuwan ƙarfen suka motsa, suka tsaya. Farantin da take miƙo kaya a kai ya fito fayau. A allon aka rubuta: "An gano buƙata. Babu ita a kanti."

Ta juyo wajen ɗanta. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Kai wannan, yau babu gaisuwa?"

Ya hau yi mata bayani, wai yanzu na'ura ta wuce nan, ta san komai. Ta gyaɗa kai kawai, ta dafa sanda ta miƙe.

Da la'asar ya bi ta gida. A bayan ƙofar ɗakinta ya ga kwalla cike da zare, ja da kore da shuɗi, ko ɗaya ba a warware ba. Nan ya gane. Tsohuwar da kunya ba ta bar ta ta ambaci sunan mijinta ba tun yana raye, ta yaya za ta ce muryarsa take hawa bene ta ji? Baƙin ciki ya turnuƙe shi.

Ya yi maza ya kunna mata kwafin bidiyon. Malam Sidi ya fito yana murmushi, yana tarbar wata mata da aka ɗauko don wasan, yana auna mata atamfa. Bai ce Hajiya ba, bai tambayi ƙafa ba. Ta ɗan kalla, ta ce a kashe.

"Shi babanku, ko ya san abin da mutum yake so, sai ya tambaya," in ji ta.

Mudassir ya durƙusa gabanta, mutumin da gobe za a ba shi lambar yabo saboda ya kashe layi a kasuwa. Ya ce, "Inna, me ake buƙata?"

Ta daɗe tana dubansa, har da ɗan murmushi, don muryarsa ta so ta yi kama da ta babansa.

"Ai na'urarka ta faɗa maka," ta ce. "Babu."